Ina koyarwa a Japan, ina so in hau Dutsen Fuji: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum, Malam. Tun watan Afrilu nake koyar da Turanci a wata makarantar sakandare ta gwamnati a Japan. Abokan aikina baƙi suna shirin hawan Dutsen Fuji a hutun bazara. Sun ce mu tashi ranar Asabar da yamma, mu kwana muna hawa, mu ga fitowar rana a ƙololuwa, mu sauko Lahadi, Litinin kowa ya koma bakin aikinsa. Ina son zuwa ƙwarai, amma abu uku ke damuna. Ban taɓa hawan dutse mai tsayi ba. Na ji an ce wurin bauta ne ga mutanen ƙasar, ni kuwa Musulma ce. Sannan ban san yadda malami yake yawon ganin ƙasa ba tare da ya ɓata da makaranta ko ya ƙarar da albashinsa ba. Wace shawara za ka ba ni?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa aikin albarka. Idan na fahimce ki, kina son sanin ko jikinki zai ɗauki hawan, ko zuwa wurin zai taɓa addininki, da kuma yadda za ki samu sararin tafiya daga hannun makaranta. Na daɗe ina koyarwa a Japan, na kuma sha raka sababbin malamai kan Fuji da wasu duwatsun ƙasar, saboda haka bari in faɗa miki ra'ayina tun daga farko: ki hau, amma ki ajiye wannan shirin na abokan aikinki. Mafi yawan malaman da na ga Fuji ya galabaitar da su matasa ne masu ƙoshin lafiya. Lokaci ne ya yi musu kaɗan, suka cusa tafiyar kwana biyu cikin dare ɗaya don gudun neman hutu a wurin aiki. Damuwarki ta farko da ta uku tushensu ɗaya, kuma maganinsu yana kan teburin mataimakin shugaban makarantarku.

Dutsen da dokokinsa na yanzu

Fuji ne dutse mafi tsayi a Japan, mita 3,776, yana kan iyakar jihohin Yamanashi da Shizuoka, kimanin kilomita 100 daga Tokyo. Mai aman wuta ne, amma rabonsa da aman tun 1707. Wata biyu kacal ake buɗe shi ga jama'a a shekara. A 2025 an buɗe hanyar Yoshida ta ɓangaren Yamanashi 1 ga Yuli, hanyoyin Subashiri da Gotemba da Fujinomiya na ɓangaren Shizuoka kuma 10 ga Yuli, aka rufe su duka 10 ga Satumba. A wannan ɗan tsakanin mutum sama da 200,000 ke hawa. An kasa kowace hanya zango goma, kuma kusan kowa daga zango na biyar yake fara takawa, domin nan mota take tsayawa. A hanyar Yoshida wannan zangon yana kan mita 2,300.

Hawan dare ba tare da kwana ba tsohon yayi ne, hukuma ta riga ta toshe shi, ina kuma zaton abokanki ba su ji labari ba. A 2024 jihar Yamanashi ta kafa ƙofa a zango na biyar, ta ƙayyade mutum 4,000 a rana, ta sa kuɗin shiga yen 2,000. A 2025 kuɗin ya koma yen 4,000 a duk hanyoyin huɗu, kuma daga ƙarfe 2 na rana zuwa ƙarfe 3 na dare ba a barin wanda bai kama masauki a kan dutsen ba ya wuce. Shizuoka tana so a yi rajista tun kafin a zo, a kuma bi wani ɗan darasi kan ƙa'idojin hawa. Masu gadin ƙofar Yoshida suna iya mayar da wanda ya zo da silifa ko ba kayan sanyi. Tun da dokokin suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, ki duba shafin hukuma na hawan Fuji kafin ki biya ko sisi. Wasu suna yi wa dokar dabara, su shige kafin ƙarfe 2, su kwana a rakuɓe a bakin masaukai suna rawar ɗari. Kada ki bi sahunsu.

Abin da gaggawa take yi wa jiki

Hanyar Fuji ba ta buƙatar igiya ko wata gwaninta. Yara 'yan firamare suna kaiwa ƙololuwa, tsofaffi ma haka. Wahalarsa tana cikin iska da sanyi. A can sama, iskar shaƙa da huhu ke samu kusan kashi biyu cikin uku ce na abin da yake samu a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi sa'o'i: numfashi ya ƙara zurfi, zuciya ta ƙara aiki, ƙoda ta daidaita jini. To ga motar da ke tashi daga tashar Shinjuku a Tokyo, za ta ɗauke ki daga kusan bakin teku ta ajiye ki a mita 2,300 cikin kamar sa'a biyu da rabi. In kika sauka kika kama hanya nan take, kika ci gaba ba barci, cikin rabin yini kin haura mita 3,700 da jikin da ya yi mako guda yana aiki. Abin da ke biyo baya sananne ne: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, ƙin abinci. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan. Na ga masu motsa jiki kullum sun zube a zango na takwas, dattijuwar da suka wuce a ƙasa ta zo ta wuce su, domin sauri ya haifi nawa.

Ɗan ciwon kai yana lafawa idan aka tsaya, aka sha ruwa, aka huta. Idan ya ƙi lafawa, ba a ƙara hawa. Idan kuwa mutum ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali a zaune yake, ko yana tari mai kumfa, sai a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne, a kuma kira 110 ko 119, lambobin agajin gaggawa na Japan. Gwangwanin iskar da ake sayarwa a kan hanya sauƙin 'yan mintoci yake bayarwa. Saukowa ce magani.

Sanyin ma yana ba baƙi mamaki, domin sun baro Tokyo ana zufa. Duk mita 100 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 0.6. A tsakiyar bazara ƙololuwar tana kusan digiri 5 ko 6, kafin asuba kuma tana iya sauka zuwa sifili ko ƙasa da haka, ga iska ba abin da ke tare ta. Wanda ya hau cikin dare da rigar auduga, ta jiƙe da gumi, sannan ya tsaya cikin layin mutane ƙasa da ƙololuwa ba ya motsi, shi ne sanyi yake yi wa illa.

Akwai wani abu da bayanan hawa na Japan ba su cika ambata ba, saboda da wuya a same shi a tsakanin 'yan ƙasar, wato sikila. Ki san nau'in jininki kafin ki hau. Mai SS bai kamata ya tunkari wannan tsayin ba sai da yardar likitan da ya san shi. Mai AS yana rayuwarsa lafiya lau, amma idan ƙarancin iska ya haɗu da ƙishirwa da gajiya a kan tsauni, jini yana iya toshewa a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, wani lokacin har kafaɗar hagu. Ni malamin makaranta ne, aikin likita ba nawa ba ne, don haka ki je asibiti ki faɗi wannan ƙarara, ki tafi da shi a rubuce idan Japanancinki bai kai ba. Haka ma idan kina da asma, ko ciwon zuciya, ko ƙarancin jini, ko juna biyu. Akwai maganin rigakafin ciwon tsauni, amma likita ne zai ce ya dace da ke ko bai dace ba.

Shirin da nake bi da masu hawan farko

Ki zaɓi ranar aiki, daga ƙarshen Yuli bayan damina ta ɗauke zuwa makon farko na Agusta, ko kuma bayan 20 ga Agusta. Ki kauce wa Asabar, da hutun Ranar Dutse na 11 ga Agusta, da kwanakin Obon, bikin tunawa da magabata, na 13 zuwa 16 ga Agusta, domin a lokacin hanya cunkushewa take yi. Ƙarshen Agusta ya fi sarari, sai dai barazanar guguwar teku ta fi yawa.

Ga mai hawan farko na fi son hanyar Yoshida. Ta fi yawan masaukai, tana da wuraren ba da agajin gaggawa a zango na bakwai da na takwas a tsakiyar kakar hawa, hanyar saukarta kuma daban take da ta hawa. Fujinomiya ta fi gajarta amma ta fi tsaye, kuma ta ita ake hawa ta ita ake sauka. Gotemba tana farawa tun daga mita 1,440, sai wanda ya saba.

Ki isa zango na biyar kafin azahar, ki zauna sa'a ɗaya ko biyu kina cin abinci kina shan ruwa, sannan ki kama hanya da takun da za ki iya hira ba haki. Ki kwana a zango na bakwai ko ƙasan na takwas, domin barci ya fi daɗi a ƙasa. Ga kuma inda na saɓa wa yawancin masu jagora. Su suna tashin mutane wajen ƙarfe 1 ko 2 na dare don a riski fitowar rana a ƙololuwa. Ni kuwa nakan bar mutanena su yi barci. Hanyar Yoshida tana fuskantar inda rana ke ɓullowa, saboda haka daga ƙofar masaukinki za ki ga abin da na sama suke gani, gajimare shimfiɗe a ƙarƙashinki, rana tana fasa su tsakanin ƙarfe 4:30 da 5 da 'yan mintoci. Kin yi asuba a natse, kin sha abu mai zafi, sannan ki hau sauran da rana, kina ganin inda kike sa ƙafa, cunkoson ya watse, sanyin ya ragu. Ban taɓa raka wanda ya yi haka ya ce ya yi asara ba.

Masaukan ba otal ba ne. Shimfiɗa ce a jere, kafaɗa da kafaɗa, babu wurin wanka. Wasu yanzu sun sa labule ko katako tsakanin masu kwana, wasu suna ware wa mata sashe, don haka ki tambaya tun lokacin kama wuri. Kwana ɗaya da abinci ya haura yen 10,000, kuma wurare suna ƙarewa da wuri. Abincin dare yawanci shinkafa ce da miyar kori mai nama, sau da yawa na alade. Ki nemi mara nama tun kafin ki zo, ko ki kama kwana zalla ki tafi da naki guzurin: dunƙulen shinkafa mai kifi, burodi, gyaɗa, cakulan.

Kaya kuwa, ba sai kin saya ba. A Shinjuku da Kawaguchiko, wanda ke gindin dutsen, akwai masu ba da haya. Abin da ba a bari a baya: takalmin hawa mai rufe idon sawu, rigar ruwa da wandonta, domin lema ba ta da amfani a iskar Fuji, rigunan sanyi da za ki iya ƙarawa ki rage, safar hannu, tocilan ta goshi, ruwa kamar lita biyu, takunkumin ƙura, da ledar zuba shararki, tun da babu kwandon shara a kan dutsen. Ki tanadi tsabar yen 100 da yawa, ban ɗaki ma biya ake yi, yen 200 zuwa 300. A zango na shida ana ba da aron hular kwano saboda faɗowar duwatsu. Ɗankwali ko hijabi yana taimakawa sosai wajen kare wuya daga rana da ƙura, amma ki zaɓi gajere wanda ba na auduga ba. Doguwar riga mai jan ƙasa haɗari ce a wuraren da ake dafa dutse da hannu. Wando mai kauri da riga mai kaiwa gwiwa sun wadatar da sutura, ba kuma za su harɗe ki ba.

Hawa yana cin kamar sa'a 6, sauka kamar 4, kuma saukar ce mutane suke raina wa. Tsakuwa ce mai zamewa, hanya tana karkacewa hagu da dama kamar ba za ta ƙare ba, gwiwa tana ɗaukar nauyin duka. A zango na takwas hanyar sauka tana rabuwa biyu, Yoshida mai alamar rawaya, Subashiri mai alamar ja. Mai gajiya yana bin na gabansa kawai, sai ya tsinci kansa a wata jihar, nesa da motarsa. Ki bi rawaya. Washegarin saukowa cinyoyinki ba za su yarda da matakalar makaranta ba, shi ya sa nake lissafa tafiyar kwana uku.

Kafin ranar, ki gwada ƙafarki da takalminki a Dutsen Takao mai mita 599 a yammacin Tokyo, sannan Oyama mai mita 1,252 a Kanagawa, ko makamantansu a inda kike. Dukansu akwai wuraren bauta a kansu, don haka za ki ga da idonki yadda abin yake kafin ki yanke shawara a kan babban.

Wurin bautar wasu

Abin da kika ji gaskiya ne, bai kuma kamata a ɓoye miki shi ba. Mutanen dā sun ji tsoron aman dutsen, suka gina wuraren bauta na Sengen a gindinsa don neman ya lafa, kuma abar bautar da suke dangantawa da shi a addinin Shinto ita ce Konohanasakuya-hime. Daga baya masu zuhudun duwatsu, waɗanda suka gauraya Shinto da addinin Buda, suka mayar da hawan kansa ibada. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, ƙungiyoyin Fujiko suka yaɗu: maƙwabta su tara kuɗi, kowace shekara su tura wasu daga cikinsu, sanye da fararen kaya, su sauka a gidajen masu yi musu jagora a garin Fujiyoshida. An hana mata kaiwa sama har 1872, ko da yake a 1832 wata mata mai suna Takayama Tatsu ta hau cikin shigar maza. Da hukumar UNESCO ta sa Fuji cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, a matsayin wurin ibada da tushen fasaha ta sa shi. Har ma ƙasar da ke sama da zango na takwas mallakar wurin bauta na Fujisan Hongu Sengen Taisha ce, kotun ƙolin Japan ta tabbatar da haka a 1974. Ke nan daga wannan zangon zuwa sama kina cikin harabar wasu.

To me za ki tarar? Ƙofofin tori, irin na mashigar wuraren bautar Shinto, a kan hanya, wasu an cusa musu tsabar kuɗi a tsagar katako. Gumakan zakuna biyu daf da ƙololuwa. Ɗakin bauta na Kusushi a inda hanyar Yoshida ta ƙare. Mutane suna rusunawa, suna tafa hannu sau biyu, wasu suna ɗaga hannu suna sowa idan rana ta fito. Mafi yawan masu hawa a yau, har da 'yan ƙasar, motsa jiki da kallo ne ya kawo su. Babu wata ibada da aka ɗora wa mai hawa, babu wanda zai tambaye ki addininki, kuɗin shiga kuma gwamnatocin jihohi ne ke karɓa don tsaro da kula da hanya.

Ga yadda nake yi. Niyyata ganin halittar Allah da sanin ƙasar da nake zaune a cikinta. Ina wuce ƙofofin ban rusuna ba, ba na jefa kuɗi, ba na sayen layunsu, ba na shiga ɗakin bautar. Sandar katako da ake buga wa tambari da wuta a masaukai abin tunawa da tafiya ce kawai a wurina, amma tambarin ƙololuwa daga ɗakin bautar yake fitowa, shi nakan bar shi. A ɗaya ɓangaren kuma, ba na dariya, ba na ɗaga murya kusa da mai ibada, ba na kafa masa kyamara a fuska, ba na zama a matakalar ɗakin ina cin abinci. Idan abokin aiki Bajapane ya ce mu je mu yi gaisuwa, nakan ce masa cikin fara'a addinina bai ba ni dama ba, in jira shi a gefe. Ban taɓa ganin wanda ya ji haushin wannan ba. Abin da ke ɓata musu rai shi ne baƙon da ya ɗauki dutse ya sa a jaka, ko ya yi rubutu a jikin dutse, ko ya kafa tanti, ko ya yar da leda, duk kuwa doka ta hana su.

Wannan aikina ne, ba fatawa ba ce. Na san Musulmi masu tsoron Allah da suka hau hankalinsu kwance, na kuma san waɗanda zuciyarsu ba ta natsu ba suka tsaya a ƙasa, ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Ki kai tambayar ga limamin masallacin da ya fi kusa da ke, ko na Tokyo Camii, babban masallacin da ke Tokyo, domin malaman da ke zaune a Japan sun san yadda wuraren suke. Ki haɗa da tambayar ƙasaru da haɗa salla, da taimama da shafa a kan safa, tun da babu famfo a kan dutsen, kwalbar ruwa kuma tana kai yen 500. Alƙibla daga nan yamma take, ta ɗan karkata arewa. Alfijir yana ketowa wajen ƙarfe 3, daidai lokacin da masu hawan dare suke maƙale a layi a kan siririyar hanya, wanda shi ma dalili ne na kwana har asuba. Ki gaya wa ma'aikatan masauki tun da yamma cewa kina son ɗan lungu na minti biyar. A iya sanina, sukan nuna wuri.

Kada ki auna sauran duwatsun da Fuji. A Sanjogatake na tsaunukan Omine har yau ba a barin mata su hau. A Koyasan, wanda Kukai, malamin addinin Buda, ya kafa a 816, baƙi suna kwana a gidajen ibada, ana kuma gayyatarsu addu'ar safe. Kowane wuri ki bincika tsarinsa kafin ki je.

Hutu da makaranta

Hutun ɗalibai a Japan ba hutun malamai ba ne. Yara suna tafiya daga kusan 20 ga Yuli zuwa ƙarshen Agusta, malamai kuwa suna zuwa ofis. Abin da kike da shi ya danganta da wanda ya ɗauke ki aiki: shirin JET na gwamnati, wanda aka fara a 1987, ko hukumar ilimi ta gari kai tsaye, ko kamfanin da ke tura malamai makarantu. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci kwana 10 na hutu mai albashi bayan ya cika wata shida. Ke da kika fara a Afrilu, sai Oktoba za ki cika, saboda haka mai yiwuwa ba ki da ko kwana ɗaya a Agusta sai abin da kwantiraginki ya ba ki. Ki ɗauko shi ki karanta yau. Wasu hukumomin ilimi suna ba da 'yan kwanakin hutun bazara na musamman. Wasu kamfanonin suna sakin malami duk watan Agusta, amma su rage albashin watan ko su hana shi gaba ɗaya.

Neman hutun yana da ladabinsa. Ki fara duba kalandar makaranta, domin a bazara ake horar da yara gasar jawabin Turanci, kuma ke za a nema. Ki yi magana da malamin da kuke shiga aji tare, sannan ki je wurin mataimakin shugaba da kanki, makonni kafin lokacin, takarda ta biyo baya. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ki faɗi gaskiyar inda za ki. Da yawa daga abokan aikinki 'yan ƙasar ba su taɓa hawan Fuji ba, za ki ga yadda fuskarsu za ta sake, wani ma ya ara miki kaya. Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne ƙaryar rashin lafiya. Gari ƙarami ne, iyayen yara suna ganin hotuna a intanet, kuma amana ce ake dubawa ranar sabunta kwantiragi. In kin dawo, ki ajiye kwalin tsaraba a ɗakin malamai, irin mai ƙunshi ɗaiɗai, yadda kowa zai samu. A ƙololuwa akwai ɗan gidan waya da ke aiki a wani ɓangare na kakar hawa. Katin da kika aiko wa ajinki daga can zai ba ki darasin makon farko na Satumba.

Yawo da albashin malami

Tikitin Japan Rail Pass da ake yawan tallatawa na 'yan yawon buɗe ido ne, mai katin zama ba ya samunsa. Naki su ne motocin dare, da tikitin Seishun 18 da ake fitarwa sau uku a shekara don jiragen ƙasa marasa sauri. Tun ƙarshen 2024 ya koma na kwana uku ko biyar a jere ga mutum ɗaya, yen 10,000 ko 12,050. Lokutan da komai ke tsada uku ne: hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, Obon, da sabuwar shekara. Tafiyar kwana biyu a Oktoba ko Nuwamba ta fi araha, ta kuma fi daɗi.

Ki riƙa ajiye wani abu tun yanzu, domin harajin mazauna gari ana lissafa shi ne a kan abin da kika samu bara, sai a Yunin shekararki ta biyu zai iso. Malamai da yawa sun kashe kuɗin yawo a shekarar farko, takardar ta same su hannu wayam.

Katin zamanki doka ce ya kasance a jikinki ko a kan dutse ne, ki haɗa da shaidar inshorar lafiya, wadda da ita kashi 30 cikin 100 kawai za ki biya a asibiti. Akwai inshorar hawan dutse ta kwana ɗaya ko biyu mai araha, ki yanka, domin ceton da masu zaman kansu suka shiga ciki yana da tsada. In za ki fita ƙasar, ki sanar da makaranta, ki cika takardar izinin sake shigowa a filin jirgi, ki kuma tuna fasfonki ne yake yanke ko kina buƙatar bizar Koriya ko Taiwan, zaman Japan ba ya ɗauke miki ita.

In masaukai sun cika bana, ko likita ya hana, ko guguwa ta soke ranar, akwai tsohuwar hanyar masu ziyara daga Umagaeshi, a mita 1,450, wadda ke ratsa daji zuwa zango na biyar cikin kamar sa'a uku. Ba cunkoso, ana yin ta a yini ɗaya, kuma ranakun 26 da 27 ga Agusta ake bikin wuta na Yoshida a garin da ke ƙasanta. Sai ki bar ƙololuwa zuwa baɗi, lokacin da kike da hutunki a hannu. Abin da ba na so ki yi ko kusa shi ne hawa bayan an rufe hanyoyi a Satumba. Masaukai da ban ɗakuna a kulle suke, ƙanƙara tana dawowa da wuri, kuma a Afrilun 2025 sai da aka ceto wani ɗalibi sau biyu cikin mako guda, karo na biyu ya koma neman wayarsa ne.